Yadda Za Ka Soye Ƙodar Mussar Bature da Karamci

Kai da aka bar wa amanar kyanwa, matso kusa, ka faɗo gidan magani. Mu nan Gobir mussa muke ce mata, sai ka saba da sunan tun yanzu. Alkawari nake maka, ba wai-wai ba: in ka bi matakan nan bi da bi, cikin wata huɗu za ka mai da lafiyayyar mussa ƙashi da fata, ba duka, ba zagi, ba guba, kuma duk wanda ya gan ka sai ya rantse ba a taɓa yin mai son dabba irinka ba. Hanyar gwadaddiya ce. Labbo na Isa ne ya ƙago ta a zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin babban yaƙinsu na biyu, kuma saura ƙiris ya kai ta gaci, ba don matarsa da ƙanenta sun yi masa katsalandan ba.

Shi Labbo mai kula da doki ne a gidan wani Baturen rijiya, wanda mutanen Isa ke kira Mai Lofe, don ba a taɓa ganin bakinsa babu lofen taba ba. Labbo Bagobiri ne da tsagarsa har kunne, kuma abin taƙamarsa a duniya guda ne: dabba ba ta taɓa ramewa a hannunsa ba. Ya faɗa a kasuwa, ya faɗa a ƙofar masallaci, ya faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Baturen kuwa ba shi da mata a bariki, sai wata mussa fara mai baƙin kunne, ta kai shekara tara, tana kwana a kan kujerarsa. Shi ya sa gari ya laƙaba mata Misisi, wato matar Bature.

Mataki na 1: Karɓi amana da bugun ƙirji, kunne a toshe

Lokacin da mai mussa ke yi maka bayani, kada ka saurara. Sauraro na wanda bai san aiki ba ne. Kai dai ka riƙa gyaɗa kai kana duban nesa.

Haka Labbo ya yi. Sanyi na ƙarewa, Mai Lofe ya samu hutun wata huɗu zuwa Ingila, kukunsa ma ya nufi garinsu. Bature ya kira Labbo, ya nuna masa akurki cike da kaji, ya miƙa masa wani farin kwano mai shuɗin baki, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Labbo, kaza dafaffe, da romo. Gishiri babu. Ruwa sabo kullum, cikin kwano wannan." Ya ɗaga yatsa. "Misisi lafiya, kai aiki. Misisi babu, kai babu."

Labbo ya bugi ƙirji har sai da ya yi tari. "Zaki, tafi da ranka kwance. Ni da na mai da dokinka awa bajimin sa? Za ka dawo ka iske wagga mussa ba ta shiga ƙofa don ƙiba."

Daga duk bayanin nan abu ɗaya ya shiga kunnensa, wato kai babu. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aikin, da shi ya gina gidansa a bayan bariki, da shi ake gaishe shi a gari. Ya sa Misisi a kwando ya kai ta gida, yana tafe yana yi mata kirari.

Mataki na 2: Ka tuna baƙonka annabinka

Dubi abincin da aka ce ka ba ta, ka raina shi. Wannan matakin shi ne gishirin aikin, kuma da gishirin za a yi shi.

Ranar farko matar Labbo, Safiyatu, ta dafa kaza yadda Bature ya ce, ta zuba a tasa da romonta. Labbo ya sa yatsa ya ɗanɗana, ya tofar.

"Lami! Safiyatu, wanga ne za ki ba baƙuwa a gidana? Wallahi rowar Bature ta kai har ga gishiri. Ko ɗan kurkuku ana yi mishi barbaɗe."

"Malam, haka mai abu ya ce a yi."

"Mai abu ya san rijiya, ni na san dabba."

Ya saɓa riga ya nufi kasuwa, ya tsaya gaban mai kilishi ya zaɓo na gaske, ja wur, wanda ya sha yaji da gishiri da albasa da tafarnuwa, ya bushe har yana ƙara in an karya. Kada ka yi zaton cin amana ya yi, a'a. Sauran kajin Bature ko gashinsu bai taɓa ba, suna nan suna ta ƙwai da ƙyanƙyasa. Daga aljihunsa ya saya, don a san Misisi ta sauka gidan mutane.

Misisi ta shinshina, ta kama ci tana gurnani, ta lashe har tabarma. Labbo ya dubi matarsa yana murmushin nasara. Ga wata hikima kyauta, ka riƙe ta: duk abin da dabba ta ci da marmari maganinta ne. Shi ya sa akuya ke cin tsumma.

Mataki na 3: Abin da ya yi wa doki zai yi wa mussa

Duk ƙafa huɗu ne da wutsiya. Bambancin kawai ba a ɗaura wa ɗaya sirdi.

Sirrin Labbo wajen ƙibar doki kowa ya san shi, wato kanwa a ruwan sha da gishirin lasa a barga. Da ya ji ayarin Buzaye ya sauko daga ƙasar Faransi, sai ya hau jaki har Sabon Birni, ya ratsa tsakanin raƙuma yana lasar wannan yana ƙwanƙwasa wancan, ya zaɓo gishirin manda mai kyau da jar kanwa. Wani Buzu ya tambaye shi shanu nawa gare shi. Ya ce, "Ba shanu ba, mussa ce, amma ta Bature." Buzun ya gyara rawani ya bi shi da kallo har ya ɓace.

Yana dawowa ya daka manda ya barbaɗa a kan kilishin, wai na mai kilishi bai ji ba. Sannan ya jiƙa kanwa a farin kwanon nan har ruwan ya yi ja, ya ajiye gaban Misisi. Ta leƙa, ta yi atishawa, ta ja da baya. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Wawa zai ce kanwar ce ba ta so. Kai masani ne, sai ka faɗi abin da Labbo ya faɗa: "Ashe mussa ba ta shan ruwa! Jinin raƙumi gare ta. Safiyatu, tun da kike kin taɓa ganin mussa a bakin rijiya tana jiran guga?"

Ya zubar da ruwan, ya goge kwanon. Kwano ne mai kyau, bai kamata ya zauna banza ba, sai ya mai da shi na ajiye goro. Ka lura fa, bazara ce ta kama, irin wadda ƙadangare ke tsallaka hanya da gudu don kada ƙafarsa ta ƙone.

Mataki na 4: Raba ta da ɓera

Nan ne da yawa suke faɗuwa. Su ba da kilishi, su ɗauke ruwa, amma su bar mussa tana yawo gindin rumbu, ta kama ɗanyen ɓera ta jiƙa cikinta, aiki ya koma baya.

Labbo bai yi wannan sakacin ba. Wata safiya ya hango Misisi ta fito daga ƙarƙashin rumbun gero da ɓera a baki. Ya yi salati, ya bi ta da gudu, ya ƙwace ɓeran ta wutsiya ya wurga bayan danga.

"Misisin Bature da ɓera a baki, a gidana! In wani ya gani ya kai labari bariki fa?"

Ɓeran bai yi asara ba. Safiyatu tana da tata mussar, wata toka-toka da ba a ko raɗa mata suna ba, sai 'Yar Toka. Ita ba ta san kilishi ba, abincinta ɓeraye da fara da abin da ya faɗo daga tukunya, in ta ji ƙishi ta sha a kaskon kaji. Ita ta tsallaka danga ta yi godiya.

Daga ranar Labbo ya rufe Misisi a ɗakinsa, ya shimfiɗa mata buzun sallarsa na biyu. Don kada ta yi kewar nama, ya ƙara mata bandar kifi daga masuntan gulbi, busasshe ƙarau. Don ƙashinta ya yi ƙwari kuma, ya sa aka daka masa ƙasusuwa ya riƙa barbaɗawa.

Sai dai ka sa ido a kan matarka. Kullum Labbo ya tafi barga, Safiyatu takan tura sakainar ruwa ta ƙarƙashin ƙyaure, ta janye kafin ya dawo. Wannan zagon ƙasa shi ya ja wa Misisi kwana, da tuni an gama a mataki na huɗu.

Mataki na 5: Karanta kowace alama a juye

Bayan wata biyu da 'yan kai aiki zai fara nunawa. Kada ka firgita. Kowace alama tana da kyakkyawar fassara in ka nema.

Misisi ta fara bin ruwa kamar mahaukaciya. Labbo ya ajiye buta zai yi alwala, ta tura kai tana lasar bakin butar. Ya ce, "Kin gani? Albarkar gidan Musulmi, har ta fara son alwala." Aka buɗe ƙyaure, ta ruga gindin randa tana lasar raɓar jikinta. Ya ce sanyi take nema, jinin Turai ne. Fitsari kuwa ba a magana, buzun sallar nan sai da aka jefar, kuma fitsarin fari tas kamar ruwa. Ya ce datti ne ke fita, aikin gishiri ke nan.

Sai gashinta ya dushe ya yi cirko-cirko. Bakinta ya soma wani wari mai hawa kai. Ta ci kaɗan ta amayar. Wata rana Labbo ya shafa bayanta, ya ji ƙashin baya ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin yatsunsa. Ya janye hannu kamar bai ji komai ba.

Safiyatu ta ce, "Malam, wagga mussa ƙishi ke cin ta. Dubi 'Yar Toka, ba wanda ke yi mata hidima, ga ta sumul."

"Ki daina haɗa ta da 'yar talakawa. Begen ubangidanta take, ko kuwa bakin mutane ne. Kowa a garin nan ya san mi take ci, hassada ba ƙarya ba ce."

"To a gwada kazar mana, ko kwana uku."

"In koma ba ta lami yanzu da take ciwo? Marar lafiya ai daɗi ake ƙara mishi."

Ya samo laya ya rataya mata a wuya, ya ninka kilishi. Mai kilishin har ya fara kiransa babban yaya.

Mataki na 6: In masani ya zo, yi masa gardama

Saura kwana ashirin Mai Lofe ya dawo, sai ga Jibrilla, ƙanen Safiyatu. Malamin dabbobi ne, yana bin rugage yana yi wa shanu allura, aiki ya kawo shi wajen Isa ya sauka gidan yayarsa. Tsakaninsa da Labbo akwai wasa, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Da hantsi suna zaune a tsakar gida, Safiyatu na tatar ƙullun koko, sai Misisi ta fito tana tangaɗi ta nufi randa. Jibrilla ya daina dariya.

"Yaya Labbo, wannan ce mussar Baturen? Mi kake ba ta?"

Labbo ya lissafa da alfahari, tun daga kilishi har garin ƙashi, bai bar ko labarin ɓeran da ya ƙwace ba. Jibrilla ya ɗauke ta, ya buɗe bakinta ya shinshina, sannan ya kama fatar ƙeyarta ya ɗaga ya saki. Fatar ta tsaya a tsaye, ta ƙi komawa.

"Ka ga wannan? Ruwan jikinta ya ƙafe. Ni shanu na fi sani, amma ƙoda ƙoda ce, kuma tata ta wahala."

"Ƙoda kuma? Mi ya haɗa ƙoda da kilishi? Ciki yake shiga."

Jibrilla ya juya wajen yayarsa. "Yaya, tace mani ƙullun nan ba ruwa in gani."

"Kai, ina zai tatu? Sai dai ya toshe matacin, in na matsa ya yage."

"To ƙoda ita ce matacin jini, da ruwa take aiki. Mussa kuwa 'yar daji ce, ba ta jin ƙishi da wuri, ruwanta cikin ɗanyen nama yake. Ɓeran da ka ƙwace mata, mafi yawansa ruwa ne. Kilishi kuwa don a kore ruwa ake shanya shi. Ka ɗora gishiri, sai ƙoda ta tatso ruwan jiki ta fitar da shi. Ka ɗora banda da ƙashi, masu nauyi ga ƙodar tsohuwa. Albasa da tafarnuwa kuma jinin mussa suke ɓatawa. Ga ta da shekara tara, matacin da ma ya fara tsufa."

Nan ne wurin gardama, kada ka bari ta wuce ka. Labbo ya miƙe zaune. "Yaro dai yaro ne. Dokin Bature kanwa da gishiri na ba shi, je ka gan shi!"

"Doki tulu nawa yake sha a yini? Kuma yana zufa, gishirin na fita. Ka taɓa ganin mussa ta jiƙe da zufa?"

"To ai tana sha, ga fitsari nan kamar ambaliya."

"Matacin ne ya fara yagewa, ba ya riƙe ruwa. Tana sha yana zuba." Jibrilla ya ajiye ta a hankali. "Yaya Labbo, in tambaye ka. Ka taɓa yin sahur da kilishi a azumin bazara?"

Safiyatu ta tuntsire da dariya, don ta tuna. Shekarar da suka yi aure Labbo ya yi wannan gangancin. Kafin azahar harshensa ya manne da dasashi, aka same shi kwance a gindin randa ya rungume ta yana ambaton Allah.

"Na taɓa," in ji Labbo, murya ƙasa-ƙasa.

"To wata uku ke nan kana sa baiwar Allah wannan azumin, kuma ba buɗa-baki."

Labbo ya waiwaya. Ya dubi Misisi tana lasar jikin randa da ɗan harshenta, ya tuna ƙishin da ya sha ranar nan. Kunya ta rufe shi, tausayi ya biyo baya.

"Za ta tashi?"

"Abin da ya ƙone ya ƙone, ƙoda ba ta tsirowa. Sai dai a tallafi abin da ya rage, in Allah ya sa da sauran kwana."

Mataki na 7: Wannan kada ka yi shi

Na sa shi ne don ka ga yadda ƙwararre ke lalacewa dab da nasara. In kana son sakamakon da na yi maka alkawari, tsallake shi.

Labbo ya tashi ya shiga ɗaki, ya juye goronsa a ƙasa, ya wanke farin kwanon har sau uku, ya cika shi da ruwan randa ba kanwa. Ya sa wani ruwan a ƙoƙo gindin rumbu, wani a bakin ƙofa, don Jibrilla ya ce mussa ta fi shan ruwan da ta tsinta a hanya. Aka bar ƙyaure a buɗe. Aka kama kaza, Allah ya sa sun ninka, Safiyatu ta dafa ta luguf ba gishiri ba albasa, ta cire ƙashi, ta yayyaga tsokar a cikin romo mai ɗumi.

Misisi ta sha ruwa, amma abinci ta kau da kai. Ta saba da yaji, lami bai yi mata ba. Yini guda, yini biyu, tana kwance tana kallon jakar da kilishi ke ciki.

"Safiyatu, ko ɗan ƙanƙane? Don ta buɗe baki kawai."

"Malam, ka taɓa jakar nan, za ni in kira Jibrilla daga ruga." Ta ɗauke jakar ta ba maƙwabta sadaka.

Tsoro ya kama Labbo, kuma yanzu ba na aiki ba ne kaɗai. Wata uku suna ɗaki ɗaya, ya saba da gurnaninta a gefen ƙafarsa, kuma ya san duk abin da ya same ta hannunsa ne. Rana ta uku da hantsi ya zauna dirshan a ƙasa, ya ɗora ta a cinya, ya tsoma yatsa a romo ya shafa mata a hanci. Ta lashe don ta goge. Ya sake, ta sake. A karo na bakwai ta bi yatsan da kanta har cikin tasa, ta sa baki, lak, lak, lak.

"Safiyatu! Tana ci! Wallahi tana cin lami!"

Ya yi ta hamdala hawaye na bin tsagarsa, bai ko ɓoye ba. Daga ranar sau biyar yake ba ta kaɗan-kaɗan, bayan kowace salla. Amai ya tsaya, warin baki ya ragu, fatar ƙeya ta fara komawa in an saki. Shi kansa ya bar cin kilishi, don in ta ji ƙanshinsa a hannunsa sai ta ƙi tasa. Mai kilishi ya daina gaishe shi.

Mataki na 8: Tanadi ƙarya uku kafin mai abu ya dawo

Kwana goma sha bakwai ba sa mai da ƙibar wata uku. Misisi ta miƙe, tana tafiya, har ta kori 'Yar Toka daga inuwa, amma rabin yadda aka bar ta ce. Don haka Labbo ya shirya ƙarya uku: bege, bakin mutane, da zafin bazara. Ya yi ta bitarsu a barga, doki na saurare.

Ranar da Mai Lofe ya iso, Labbo ya nufi bariki, kwando a hannun dama, farin kwano da ruwa a hagu, don ya saba ba ya motsa ta ba ruwa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa. Bature ya buɗe kwando ya ɗaga Misisi, ya ji ta sakayau. Ya shafa haƙarƙarinta. Sai ya cire lofe daga bakinsa, abin da ko masu gadi ba su taɓa gani ba.

"Labbo. Me ya faru?"

Labbo ya jawo ƙarya ta farko har bakin leɓe. Sai Misisi ta zame daga hannun Bature ta diro, ta je ga kwanon ta sha, ta sha, sannan ta zo ta goga kanta a gwiwar Labbo. Ƙaryar ta narke. Ta biyu da ta uku ma ya neme su ya rasa.

"Zaki, ni na yi. Ka ce lami, na raina. Na ba ta kilishi da gishiri da banda, na sa kanwa a ruwanta, da ta ƙi na ɗauke kwanon na zuba goro. Ƙodarta ta taɓu, kuma an ce ba ta komawa. Ba mugunta ba ce, Allah shina gani, karamci ne. In korata za ka yi, ka yi gaskiya. Roƙona guda, duk wanda za ka ba ta, a gaya mishi ruwa wuri uku."

Bature ya dube shi, ya dubi mussar da ta hau cinyar Labbo ta kwanta.

"Wa ya gyara?"

"Matata da ƙanenta. Ni ɗaukar ruwa kawai na yi."

Mai Lofe ya mai da lofe bakinsa, ya kunna, ya ja sau biyu. "To. Doki, kai. Abinci Misisi, matarka. Ruwa Misisi, kai. Kullum, daga rijiya, da hannunka."

Haka kuwa aka yi. Kowace safiya sai ga Labbo, Bagobiri da tsaga har kunne, a tsakiyar mata bakin rijiyar da Baturen ya haƙa, riƙe da ɗan tulu yana jiran guga. Mata suka raɗa masa Ga-ruwan Misisi, sunan ya bi shi har Sabon Birni. In an tsokane shi a kasuwa, "Labbo, har yanzu dabba ba ta taɓa ramewa a hannunka ba?" sai ya ce, "Guda ɗaya, kuma da hannun dama na ramar da ita."

Da aka ɗauke Mai Lofe zuwa wata ƙasar, ya ce tsohuwa mai ciwon ƙoda ba ta jure tafiyar kwando, ya bar ta gidan Safiyatu da kwanonta. Ba ta sake ƙiba ba, amma ta ci damina uku tana mulkin inuwar rumbu. Washegarin da aka binne ta, Labbo ya ɗauki tulunsa ya tafi rijiya, ya dawo ya wanke farin kwanon ya cika shi. Sai da ya miƙe sannan ya tuna. Ya tsaya da tulu a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya. 'Yar Toka ta zo ta sa baki tana sha.

Safiyatu ta ce, "Bar shi nan, Malam." Gobe ma ya cika shi.

Wanke hannu

Mai wannan darasi ba ruwansa, ba gishirinsa. In ka bi mataki na ɗaya zuwa na shida mussarka ta mutu, kai da mai ita, kada a ambaci sunana gaban alkali. In ka yi taurin kai ka bi na bakwai ta rayu, ta mai da kai ga-ruwa, kai ka jawo wa kanka, na ce ka tsallake. Ba na karɓar ƙorafi daga masu kilishi, ko Buzayen gishiri, ko ɓerayen da aka ci bayan an buɗe ƙyaure. Wanda ya ga mussarsa na bin buta tana ramewa, ya nemi malamin dabbobi tun da sauran mataci, kada ya zo wurina. Ni goro kawai aka bar mani, shi ma a ƙasa na tsince shi.